Tsohon Gem ɗin Yaya

Tun da aka sallamo Yaya daga asibiti bai sake taka ƙofar gida ba. Injin yanka katako na wurin aikinsu ne ya kama masa hannun dama, ya tafi da babban yatsa da biyun da ke biye da shi, ya bar masa ƙananan biyu na ƙarshe. Ciwon ya warke, an cire bandeji, likita ya ce sai godiya. Amma Yaya ya shige ɗakinsa ya saki labule. In abokai sun zo dubiya, ya ce a ce musu yana barci. In Umma ta kai abinci, sai ta fita kafin ya ɗauki cokali da hagu. Kafintan da a da in yana gida ba ka jin muryar kowa sai tasa, wanda ko kaza ce ta gifta sai ya laƙaba mata suna, ya koma daga "to" sai "a'a".

Ƙanwarsa ce ta fi kowa jin abin a jikinta. Ta girma, tana aiki a wani shagon gyaran waya a bakin kasuwa, amma a gida har yanzu Auta ake ce mata. Ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta yi tsokana, har takalminsa ta taɓa sakawa ta wuce ta gabansa tana jan ƙafa ko zai tanka. Ya dube ta, ya dubi takalmin, ya juya fuska bango.

Wata ranar hutu Umma ta fito da tarkacen sito tsakar gida, don mai sayen tsofaffin ƙarafa ya ce zai biyo. Ga fanka mara wuya, ga dutsen guga da ya ƙone, ga tukunyar da ta huje. A ƙarƙashin wata tsohuwar katifa Auta ta hango wani akwati mai launin toka, igiyoyi sun nannaɗe shi. Ta sunkuya ta zaro shi, ta busa ƙurar da ke kansa.

Gem ɗin Yaya ne, na'urar wasan da ake jonawa da talabijin. Tun yana yaron shago ya saya, lokacin ita tana firamare. Irin na da ne, mai murfi a sama inda ake ɗora faifai, da hannaye biyu masu igiya da ake riƙewa ana dannawa. Ta tuna yadda falonsu yake cika da samari ana buga ƙwallo a talabijin, Yaya yana ba kowa kashi yana rawa. In ta dame shi da kuka sai ya miƙa mata hannun da bai jona ba, ta yi ta dannawa tana murna wai ita ke cin ƙwallayen.

"Mayar da shi cikin tarkacen," in ji Umma. "Wannan ya mutu tun kafin ki gama sakandare."

"Ba a sayar da wannan, Umma."

"Me za ki yi da shi?"

"Tashinsa zan yi."

Umma ta saci kallon ɗakin Yaya, ta rage murya. "Auta, kar ki je ki fama masa ciwo. Da wane hannun zai buga?"

Auta dai ta tattara akwatin da igiyoyinsa da faifan ƙwallo guda da ta samu a ciki, ta zuba a jaka.

Washegari ta ɗora shi a kan teburinta a shago. Oga, mai shagon, ya leƙo ta saman gilashin idonsa.

"Injiniya, nan shagon waya ne ko wurin wankan gawa?"

"Ba a aikinka zan yi ba, Oga. In babu kwastoma ne."

"Ni dai kar kyankyasai su fito su cinye mini kaya."

Bai yi ƙarya ba. Tana kwance sukurorin ƙasa ta ɗaga murfin, wani wari ya bugo ta, ga kashin kyankyasai ko'ina, ga gawar wani ƙaramin ƙadangare ya bushe a kusurwa. Ta fita da shi waje ta kakkaɓe, ta dawo ta bi fanel ɗin, wato allon wutar da ke ciki, da tsohon buroshin haƙori da sifirit har koren ya fito. Abin ya ba ta sha'awa. Ta saba da cikin waya, inda komai ƙanƙane ne sai da gilashin ƙara girma. Nan kuwa hanyoyin wutar manya ne, shimfiɗe kamar titunan unguwa, kana bin su da ido.

Ta jona wuta ta danna makunni. Shiru. Ko fitila ba ta kawo ba. Ta ɗauki mitar gwada wuta ta bi hanyar wutar tun daga bakin igiya, nan da nan ta iske fis ya tsinke. Ta yi murmushi, a ranta ta ce ashe abin bai kai ya kawo ba. Ta saka sabo, ta kunna. Ji kake ɗas! Wani siririn hayaƙi ya tashi, sabon fis ɗin ma ya bi tsohon.

Oga ya tuntsire da dariya. "Gawa ta ƙi rami."

"Gawa ta yi magana dai," in ji Auta. "Ta ce mini akwai abin da ke shaƙe ta a ciki."

Ta karkata fanel ɗin wutar zuwa hasken taga tana dubawa a hankali. A nan ta ga wasu ƙananan gwangwanaye da masu gyara ke kira kafasita sun kumbura, kansu ya yi tozo, ɗaya har ya zubar da ruwa mai launin tsatsa ya ci hanyar tagulla da ke ƙarƙashinsa. Ta jona ƙarfen liƙi a wuta, ta cire su ɗaya bayan ɗaya. Ta tono irinsu daga matattun caja da wani tsohon rediyo da ke ƙarƙashin kanta, ta gwada kowanne da mita kafin ta dasa shi. Inda tagullar ta cinye, ta kankare da reza ta yi gada da siririyar waya, ta ɗiga dalma. Aikin ya ci mata kwanaki, domin da ta kama sai wani ya shigo da wayar da ta faɗa ruwa ko wadda gilashinta ya fashe, dole ta ture gem ɗin gefe.

Ranar da ta sake kunnawa, koriyar fitila ta kawo, ta kuma tsaya. Ta jona shi da ƙaramin talabijin ɗin shago. Hoto ya zo yana rawa, ya ɗauke, ya dawo. Ta lura in ta taɓa igiyar ta baya sai ya daidaita, ta gane dalmar bakin wurin jonawa ce ta tsattsage saboda yawan ja da cirewa na shekaru. Ta narka ta sake liƙewa. Hoto ya zauna daram, sautin buɗewar nan da ta manta da shi ya cika shagon.

Sai dai da ta saka faifai, ya juya, ya yi ƙara kamar mai kakari, ya tsaya. Gem ɗin ya ce bai ga komai ba. Ta goge faifan, ta goge ɗan idon gilashin da ke karanta shi da audugar kunne, ta shafa mai a sandar da idon ke tafiya a kai. Wani lokaci ya karanta har ya nuno fili da 'yan wasa, sai ya daskare. Idon ya tsufa, haskensa ya yi rauni. A gefensa akwai wani ɗan sukuru da ake murɗawa a ƙara masa ƙarfi. Ta murɗa kaɗan, ya yi dama-dama. Ta ƙara kaɗan, ya ƙara kyau. Zumuɗi ya ɗebe ta ta ƙara murɗawa. Faifan ya juya sau ɗaya, daga nan idon bai sake ko motsi ba. Ta ƙone shi.

Ta zauna ta zuba tagumi. Oga ya zo ya tsaya a kanta, wannan karon bai yi dariya ba.

"Ki haƙura da shi mana. Yanzu fa a waya ma ana buga ƙwallon nan. Ki saka masa a tasa."

"Waya da manyan yatsu biyu ake buga ta, Oga."

"To wannan ɗin da me ake bugawa?"

"Shi ma haka," ta ce. "Amma shi wannan ina iya shiga cikinsa in yi yadda nake so. Waya ba za ta bar ni ba."

A can ƙarshen kasuwa, bayan layin masu walda, akwai wani tsoho mai gyaran rediyo da kowa ke kira Baba Mai Rediyo. Shagonsa ba shi da wurin zama, matattun kaya ne tun daga ƙasa har rufi. Auta ta gaishe shi ta nuna masa idon da ya ƙone. Ya jujjuya shi a tafin hannu.

"Kin murɗa masa wuya ke nan."

"Na murɗa, Baba."

"Kowa sai ya kashe ɗaya kafin ya koya. Ni uku na kashe." Ya nuna wani tsauni na tarkace da haɓa. "Akwai ɗan'uwan gem ɗinki a can ƙasa, wuta ce ta zo da ƙarfi ta ƙone shi. Wataƙila idonsa na nan da rai. Amma ni bayana ba zai iya ba, sai dai ki tona da kanki."

Ta naɗe hannun riga ta shiga sauke talabijin da bidiyo da fankoki, ƙura ta yi mata fari fat har gira. Sai da ta kusa kai bango ta same shi, murfinsa a fashe. Baba ya ce ta ɗauka, amma in ta cire abin da take so ta dawo masa da gangar jikin, don a wurinsa ba a zubar da komai.

Ta dasa sabon idon, ta sa hannu a aljihu ta ƙi ko kallon ɗan sukurun nan. Faifai ya juya sumul, fili ya fito, 'yan kallo suka ɗauki ihu. Oga ya karɓi hannu ɗaya wai zai gwada mata, sai da kwastoma ya yi sallama sau uku kafin ya ɗago kai.

Saura babbar tambayar, wadda Umma ta yi mata tun ranar farko. Hannun gem ɗin, ɓangaren hagu shi ke tafiyar da ɗan wasa, wannan Yaya zai iya. Amma madannai huɗu na dama, na ba da ƙwallo, na bugawa raga, na ɗagawa sama da na gudu, duk aikin babban yatsan da babu ne. Ta gwada riƙewa da ƙananan yatsunta biyu, hannun ya zame ya faɗi. Ta gwada ɗora shi a cinya, bai yiwu ba.

Amsar a gida ta same ta. Da yamma tana zaune a falo tana kallon Umma a kan keken ɗinki, hannuwanta biyu suna kan yadi suna lallaɓa shi, ƙafafunta a ƙasa suna ta aikin tuƙi, ko kallonsu ba ta yi. Auta ta ƙura wa ƙafafun ido har Umma ta tsargu.

"Lafiya kike kallona kamar kin ga baƙuwa?"

"Umma, in kina ɗinki kina tunanin ƙafarki?"

"Tunanin me? Ita ta san aikinta."

Auta ta miƙe tsaye har ta ture kwandon zare.

Ta buɗe hannun gem ɗaya a shago. A ƙarƙashin kowane madanni akwai wasu layuka biyu na baƙin fenti da ba su taɓa juna. In ka danna, roba ta haɗa su, shi ke nan saƙo ya tafi. To ai ko daga ina aka haɗa su, gem ɗin bai san bambanci ba. Ta bi kowane layi zuwa inda tagulla take, ta kankare kaɗan, ta liƙa siraran wayoyi masu launi daban-daban, ta huda ƙaramar kafa a bayan hannun ta fito da su, ta ɗaure su a ciki don kar a fizge. Ta sayo madannan ƙararrawar ƙofa guda huɗu, ta samu wani guntun katako a bayan shago ta yanke shi da zarton ƙarfe, ta kafe su a kai. Ta ajiye a ƙasa ta cire takalmi, ta taka na farko. A talabijin, ɗan wasa ya ba da ƙwallo.

Da yammar nan ta jona komai a falo, ta je ta tsaya a bakin labulen Yaya.

"Yaya, zo ka ga wani abu."

"Mene ne?"

"Sai ka fito."

Ya fito a hankali, hannun dama a cikin aljihun wando. Ya rame, gemu ya cika masa fuska. Ya dubi talabijin, ya dubi gem ɗin, fuskarsa ta ɗan saki kamar zai yi magana. Sai idonsa ya sauka kan katakon da ke ƙasa da wayoyin da suka taho daga hannun gem ɗin. Ya daɗe yana kallo.

"Wannan fa?"

"Na ƙafa ne. Hagu ka tuƙa, ƙafa ta buga."

"Wato har na kai nan," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Kin haɗa wa nakasasshe abin wasa. Sai ki kira 'yan unguwa su zo kallo."

"Yaya, ba haka..."

"Kwashe shi daga nan."

Ya koma ya saki labule. Umma ta dubi Auta, kallon da ke cewa ai na faɗa miki. Idon Auta ya kawo ruwa. Ba ta kwashe ba. Ta jawo kujera, ta zauna a kan hannunta na dama, ta riƙe hannun gem ɗin da hagu a kan cinya, ta ɗora ƙafafu a katakon, ta ƙara sauti.

Ba ta iya ba ko kaɗan. In ta so ba da ƙwallo sai ta ɗaga shi sama, in ta zo gaban raga sai ta taka gudu ta fice da ƙwallon waje. Katakon yana zamewa a kan siminti, tana binsa da ƙafa har ta kusa faɗowa daga kujera. Gem ɗin ya yi ta zura mata ƙwallaye. Washegari da ta dawo aiki ta sake zama. Rana ta uku ma haka. Ta taka madanni ɗaya da ƙarfi ya fashe, ta canza shi ta ci gaba. Umma ta ce ihun 'yan kallon nan zai sa mata ciwon kai, amma ba ta ce a kashe ba, kuma Auta ta lura ta daina rufe ƙofar falo da ke kallon ɗakin Yaya.

Wata yamma ɗan wasanta ya tsinci ƙwallo a tsakiyar fili, ta kama gudu da shi ita kaɗai, abokan hamayya sun yi mata caa.

"Ki ba da mana!" aka daka tsawa daga bayan labule. "Ga mutum can a gefe shi kaɗai kamar maraya!"

Ba ta waiwaya ba. Ta taka, ƙwallon ya tafi sama ya faɗa cikin 'yan kallo.

"Kai! Wannan ai cin amanar ƙwallo ne."

"Katakon ne yake gudu," ta ce, idonta a talabijin.

Ta ji takunsa a bayanta. Ya zagayo ya tsuguna, ya ɗaga katakon da hagu yana jujjuya shi, yana ɓata fuska kamar an ba shi abinci mara gishiri.

"Wa ya yanka wannan?"

"Ni."

"Da me? Da haƙori?"

"Da zarton ƙarfen Oga."

"Kin ci mutuncin katako. Ko'ina a karkace. Kuma ya za a yi ki shimfiɗa shi a kwance? Ƙafa ba ta zama haka. Sai an ɗaga gabansa ya yi gangare, a sa roba a ƙasa ya kama siminti. Waɗannan kuma na yatsa ne, ba na ƙafa ba, dole su fashe. Kowanne sai an yi masa ɗan murfin katako mai hinji irin na ƙofa, ƙafa ta taka murfin, murfin ya taɓa madannin a hankali."

"To ni ba kafinta ba ce. Haka zan yi ta fama da shi."

Ya ajiye katakon ya koma ɗaki. Amma da safe da ta fito za ta tafi aiki, ta yi tuntuɓe da akwatin kayan aikinsa a bakin ƙofar falo, an goge ƙurarsa.

Ranar hutu suka baje a tsakar gida. Ya samo ragowar katakon filawud a sito. Ya ɗora ma'auni, ya danne shi da ƙananan yatsun nan biyu, ya ja layi da fensir a hagu. Karo na farko ke nan da Auta ta ga hannun a fili cikin hasken rana, ta yi kamar ba ta gani ba, ta danne katakon da gwiwa kamar yadda ya ce. Ya kama zarto da hagu. Zarton ya yi tsalle, ya ci gefe, ya bar layin. Ya sake farawa, ya sake kaucewa. A na gaba ya maƙale a tsakiya, ya ja ya ƙi fitowa. Yaya ya fizge shi ya yi jifa da shi, ya daki bango ya faɗo kusa da randar ruwa.

"Shekara nawa ina wannan aikin," ya ce yana huci, "yau layi ɗaya ya gagare ni."

Auta ta tashi ta ɗauko zarton, ta share ƙasar da ta manne masa, ta miƙa masa ta wajen mariƙi. Bai karɓa ba. Ita ma ba ta sauke hannu ba.

"Ni idon gem ɗin nan sai da na ƙone shi ƙurmus kafin na samu wani," ta ce. "Filawud kuwa ga shi nan da yawa. Ɓata wannan, mu ɗauko wani."

Ya harare ta. "Bakinki ya yi tsawo, Auta."

"A wurinka na koya."

Ya karɓa. Wannan karon ya sauya tsayuwa, ya koma ɗaya gefen katakon, ya rage ƙarfi ya bar zarton yana cin abinsa a hankali. Layin bai fita sak ba, amma sanfefa ta gyara sauran. Kafin rana ta yi zafi sun yanke gindin da murafe huɗu, gumi ya jiƙa masa riga, har ya fara yi mata faɗa wai ba ta iya riƙe katako ba.

Hinjin da ta sayo ne ya ƙi. Ya buɗe ɗaya ya rufe, ya ce wannan na ƙofar kabad ne, ya yi tauri, kafin ya sauka an ƙwace ƙwallo. Ta koma ta canzo, ya ce wannan kuma gwangwani ne, sati ɗaya zai lanƙwashe.

"To ni ban san wanda kake so ba, Yaya. Duk hinji hinji ne a wurina."

Ya yi tsaki, ya tsaya yana kallon ƙofar gida. Can ya shiga ɗaki ya sako riga mai dogon hannu, ya ce, "Wuce mu je."

Umma na kan keke, ƙafarta ta tsaya cak, amma ba ta ɗago kai ba. A titi Yaya ya tura hannu aljihu yana sauri, yana amsa gaisuwar mutane da ka. Mai kayan gini ya gan shi ya taso da murna zai fara jaje, Yaya ya katse shi ya ce ya fito da ƙananan hinji duk irin da yake da su. Aka zube su a kan kanta. Ya ɗauki ɗaya da hagu, ya ga ba a gwada hinji da hannu ɗaya. Sai ya zaro na daman ya maƙale gefe ɗaya tsakanin yatsun biyu, ya buɗe ya rufe kusa da kunnensa. Mai shagon ya kalli hannun, ya kawar da kai.

"Wannan kake sayar wa mutane?" in ji Yaya. "Kawo na cikin kwalin can da kake ɓoyewa."

Da la'asar sabon allon ƙafar ya haɗu. Ya yi gangare, an manna masa robar tsohuwar tayar keke a ƙasa, murafe huɗu a jere kowanne da ɗan soso a ƙarƙashi da ke mayar da shi sama. Auta ta bi da wayoyin ta cikin wata hanya da Yaya ya fafe musu, ta liƙe, ta gwada kowanne da mita tana yin ƙara. Ta jona, ta ɗauki ɗaya hannun gem ɗin, ta tura masa allon da ƙafa.

Ya zauna ya cire takalmi. Ya ɗora hannun gem ɗin a gwiwa, ya tallafe shi da yatsun biyu, babban yatsan hagu a kan madannin tuƙi.

"Kar ki raga mini," ya ce.

"Da ma ban yi niyya ba."

Ba ta raga ba. Ta ci shi, ta sake ci, ta ƙara. Ƙafafunsa suna ta rikicewa, yana taka biyu a tare, yana zagin 'yan wasansa ɗaya bayan ɗaya, har ya laƙaba wa mai tsaron ragarsa suna Kwando. Umma ta bar ɗinki ta zo ta tsaya a bakin ƙofa da almakashi a hannu. Ana dab da tashi ɗan wasansa ya kuɓuce ta gefe. Yaya ya so ya ba da ƙwallo, ƙafarsa ta zame ta taka na ɗagawa sama, ƙwallon ya tashi ya lanƙwasa ya wuce kan mai tsaron ragar Auta ya faɗa ciki.

Ya miƙe tsaye da ihu har hannun gem ɗin ya faɗi ƙasa. "Kin gani? Kin gani ko?"

"Kuskure ne, wallahi na ga ƙafarka."

"Kuskuren me? Haka na shirya shi. Umma, ki faɗa mata."

"Ni ban ga komai ba," in ji Umma tana goge ido da gefen mayafi, tana dariya.

Ya koma ya zauna yana sauke numfashi, ya sunkuya yana kallon allon, yana taka murafen ɗaya-ɗaya.

"Wannan jerin bai yi ba," ya ce. "Na bugawa raga ya yi nisa. Ƙafata ta hagu ta fi sauri, can ya kamata ya koma. Na gudu kuma ya dawo ƙarƙashin diddige, in danne shi in bar shi. Za ki iya juya wayoyin?"

"Sai na buɗe shi gaba ɗaya."

"To buɗe mana. Me kike jira?"

Auta ta kashe gem ɗin, ta jawo jakarta ta fito da ƙarfen liƙi ta jona shi a bango. Kafin ya yi zafi, Yaya ya riga ya kifa allon a cinyarsa, ya kama sukudireba da hagu yana kwance sukurun farko.